Yadda Ake Karanta Cinikin Manyan Fina-finai a Sinima da Hasashen Inda Zai Tsaya

A shagunan masu tura fina-finai a waya da ke wajejen Ƙofar Ƙaura a Katsina, da kuma teburan masu shayi bayan Isha'i, gardamar fim ta daina tsayawa a kan wane jarumi ya fi iya faɗa. Yanzu maganar kuɗi ake yi: wane fim ne ya haura dala biliyan ɗaya, wanne ne ya kwanta, kuma kashi na gaba zai kamo na baya ko ba zai kamo ba. Galibinmu ba mu sayen tikitin waɗannan fina-finai, sai sun sauko cikin waya muke ganinsu, amma alƙaluman cinikinsu a buɗe suke ga duk mai 'yar data. Abin da ke ɓata gardamar shi ne kowa yana riƙe da lamba ɗaya da ya tsinta a Facebook, bai san daga wace kasuwa aka ƙirgo ta ba, bai kuma san ta kwana nawa ba ce.

Abin da zan bayyana a nan hanya ce ta lissafi da mutum zai bi, daga kafin fim ya fito har zuwa mako na biyu da fitowarsa, ya faɗi inda cinikinsa zai tsaya ba tare da ya yi nisa da gaskiya ba. Na fi mayar da hankali kan silsilar fina-finai, wato waɗanda ake ta yi musu kashi na biyu da na uku a kan suna ɗaya, irin su Avengers da Star Wars da Fast & Furious, domin su ne ke da tarihin da za a auna da shi. Kayan aikin ba su wuce littafin rubutu ɗaya da biro da kwakuletar waya ba.

Mataki na farko: tantance lambar da ke gabanka

Kamfanonin Hollywood sun raba duniya gida biyu. Akwai abin da suke kira cinikin cikin gida, wanda ya haɗa Amurka da Kanada a matsayin kasuwa ɗaya, akwai kuma cinikin waje, wanda ya ƙunshi sauran ƙasashe gaba ɗaya. Idan aka tara biyun sai a sami cinikin duniya. Avengers: Endgame, wanda ya fito a watan Afrilun 2019, ya yi dala miliyan 357 a kwana ukun farko a cikin gida, ya kuma yi dala biliyan 1.2 a faɗin duniya zuwa ranar Lahadin farko. Duk lambobin biyu gaskiya ne, kuma na sha ganin mutum biyu suna tayar da jijiyar wuya a kansu, kowa yana ƙaryata ɗan'uwansa. Don haka duk lambar da za ka rubuta a littafinka, ka rubuta kasuwarta da adadin kwanakinta a gefe.

Shafuka biyu ne aka fi dogara da su, Box Office Mojo da The Numbers, kuma duk biyun ana iya duba ainihin alƙalumansu kyauta. Ranar Lahadi kamfanoni ke fitar da ƙiyasin kwana uku da safiyar Amurka, wanda ke iske mu nan tsakanin La'asar da Magariba. Wannan ƙiyasi ne kawai, tunda ranar Lahadin ba ta ƙare ba a can, saboda haka tabbatacciyar lamba sai Litinin.

Masu bin fina-finan Indiya, waɗanda suka fi yawa a cikinmu, suna da ƙarin aiki. Da kuror ake ƙirga a can, kuror ɗaya kuwa rupi miliyan 10 ne. Sannan ana ba da lamba iri biyu, wadda ba a cire haraji ba da wadda aka cire, kuma sau da yawa masu fim ɗin da kansu ne ke shelar lambar a jikin fasta, shi ya sa ake yawan jayayya a kanta. Idan an ce Pathaan ko Jawan na Shah Rukh Khan sun haura kuror 1,000 a 2023, cinikin duniya ne kafin cire haraji ake nufi.

Mataki na biyu: raba ciniki da riba

Duk wanda ya taɓa zama a shago a babbar kasuwar Katsina ya san kuɗin da ke cikin aljihun tebur da yamma ba nasa ba ne duka. Akwai uwar kuɗi, akwai haya, akwai kuɗin yaran shago. Haka fim yake. Kuɗin tikiti gidan sinima ne ke karɓa, sannan ya raba da kamfanin da ya yi fim ɗin. A cikin gida kamfani yakan sami rabi ko ɗan fiye da rabi, a sauran ƙasashe abin yakan sauko zuwa wajen kashi 40 cikin ɗari, a ƙasar Sin kuwa kashi 25 ne rabon kamfanonin waje. Ga kuma kuɗin talla, wanda ba a saka shi cikin kasafin da ake sanarwa, kuma ga babban fim yakan haura dala miliyan 100.

Daga nan masu bin wannan harka suka samo ƙa'idar da suke aiki da ita ta kusa-kusa: a ninka kasafin fim sau biyu da rabi, abin da aka samu shi ne cinikin da yake bukata kafin ya mayar da uwar kuɗi daga sinima. Fim ɗin da aka kashe wa dala miliyan 200 yana neman miliyan 500. Da wannan ma'auni za ka ga abin mamaki. Fast X na 2023 ya tara sama da dala miliyan 700, lambar da za ta burge kowa a teburin mai shayi, amma kasafin da aka ruwaito miliyan 340 ne, wanda ke nufin yana bukatar wajen miliyan 850. Joker na 2019 kuwa kasafinsa bai wuce miliyan 70 ba, ya kuma haura biliyan ɗaya. Ƙa'idar ba ta lissafa abin da fim ke samu daga baya ba, ta hanyar sayar da shi ga tashoshi da manhajojin kallo da kayan wasan yara, amma ta isa ta hana mutum yi wa rogo kallon kitse.

Mataki na uku: jera tarihin silsilar, ka duba inda ta dosa

A shafi ɗaya ka rubuta kowane kashi na silsilar da shekararsa, cinikin kwana ukun farko, jimillar cikin gida, da jimillar duniya. Abin da ake nema shi ne alƙibla. Jurassic World ya yi dala biliyan 1.67 a 2015, kashi na gaba ya yi biliyan 1.3 a 2018, na 2022 kuma ya tsallake biliyan ɗaya da ƙyar. Star Wars ya bi irin wannan gangara: biliyan 2.07 a 2015, biliyan 1.33 a 2017, biliyan 1.07 a 2019. Transformers ya fi su faɗuwa, daga biliyan 1.1 a 2014 zuwa miliyan 605 a 2017. Duk mai hasashen cewa silsilar da ke gangara za ta juyo ta haura, wajibi ne ya kawo dalili takamaimai, kamar dawowar wani jarumi da aka yi kewarsa, ko doguwar tazara da ta sa mutane suka yi marmari.

A nan akwai wani abu da na daɗe kafin na gane shi. Buɗewar kowane kashi, wato cinikinsa na kwana ukun farko, sakamako ne na yadda mutane suka ji daɗin wanda ya gabata, domin wanda ya sayi tikitin daren farko bai ga sabon ba tukuna, tsohon ne yake tunawa. Idan kashi na biyu ya yi ciniki sosai amma mutane sun fito suna tsaki, kashi na uku ne zai biya bashin.

Haka kuma sai an bincika ko cinikin baya na fim ɗin ne ko aro ya yi. Captain Marvel ya haura dala biliyan 1.1 a 2019, amma ya fito ne makonni kaɗan kafin Endgame, wanda labarinsu ke haɗe, lokacin da kowa ke gudun kada wani ɓangare na labarin ya wuce shi. Da ci gabansa, The Marvels, ya zo a Nuwamban 2023 ba tare da wannan jingina ba, sai ya buɗe da miliyan 46 ya ƙare a wajen miliyan 206 a duk duniya. Wanda ya ɗauki biliyan 1.1 a matsayin tushen lissafinsa ya yi gini a kan filin aro.

Idan tazarar shekaru ta yi yawa, a tuna da tsadar tikiti. Matsakaicin farashinsa a Amurka dala 7.50 ne a 2009, ya kai 9.16 a 2019, don haka ciniki iri ɗaya a shekarun biyu ba yawan 'yan kallo iri ɗaya ba ne. Mu da muka ga yadda mudun gero ya sauya farashi a 'yan shekarun nan ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan.

Mataki na huɗu: duba kalanda

Mai raguna ya san bambancin kai su kasuwa ana saura kwana uku Babbar Sallah da kai su bayan an sauko. Kasuwar fim ma tana da nata lokutan. A Amurka akwai hutun bazara daga Mayu zuwa Agusta, akwai kuma makonni biyun ƙarshen Disamba, lokacin da makarantu da ma'aikatu ke rufe, kowace rana ta koma kamar Asabar. A Sin babbar kaka ita ce bikin sabuwar shekararsu, kuma a lokacin ne Ne Zha 2 ya fito a ƙarshen Janairun 2025 ya haura dala biliyan 2, kusan duka daga ƙasar kaɗai. A Indiya akwai bikin Diwali da Ƙaramar Sallah, wadda Salman Khan ya daɗe yana saita fina-finansa da ita. A nan gida ma Disamba ce: fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, a Disamban 2023 ya fito ya zama fim ɗin Nollywood na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a sinima.

Bayan lokaci sai maƙwabta. Ka duba abin da zai fito mako ɗaya ko biyu bayan fim ɗinka, musamman wanda zai ƙwace manyan allunan IMAX, inda tikiti ya fi tsada. Mission: Impossible na 2023, fim ɗin Tom Cruise, ya fito ranar 12 ga Yuli da yabo mai yawa, amma ranar 21 ga wata Barbie da Oppenheimer suka sauka tare, Oppenheimer ya kwashe allunan IMAX na tsawon mako uku. Cinikin fim ɗin Tom Cruise ya zube da sama da kashi 60 cikin ɗari a mako na biyu, kuma bai farfaɗo ba. Laifin ranar fitowa ne fiye da laifin fim ɗin.

Mataki na biyar: daga daren Alhamis zuwa Lahadi

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wannan harka daga Alhamis ake ganewa, domin manyan fina-finai sukan fara nunawa da yammacin Alhamis, a tara kuɗin a zuba cikin lissafin Juma'a. Ana sanar da lambar Alhamis ɗin ita kaɗai ranar Juma'a, kuma da ita za ka ƙiyasta kwana ukun.

Abin da za ka ninka ta da shi ya danganta da irin 'yan kallon. Fim mai masoya 'yan ga-ni-kashe-ni, waɗanda ke tsoron kada a ba su labari kafin su gani, yakan ninka Alhamis ɗinsa sau huɗu zuwa shida kawai. Endgame ya yi miliyan 60 a daren Alhamis ya kai 357. The Force Awakens na silsilar Star Wars ya yi 57 ya kai 248. Deadpool & Wolverine ya yi 38.5 ya kai 211. Fim ɗin iyali kuwa, wanda sai Asabar da rana iyaye ke kai yara, lissafinsa daban ne: Inside Out 2 ya yi miliyan 13 kacal a daren Alhamis a Yunin 2024, amma ya rufe Lahadi da 154, kusan ninki goma sha biyu. Saboda haka kada a auna fim ɗin yara da sikelin fim ɗin jarumai, wato masu ƙarfin ban mamaki irin na Avengers. Mafi aminci shi ne ka nemo ninkin kashin da ya gabata a silsilar, ka ɗan rage shi kaɗan, tunda duk yadda silsila ke tsufa masoyanta na ƙara yin sammako.

Mataki na shida: mako na biyu, inda hukuncin yake

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa, domin kanun labarai a kan buɗewa suke. Suna da talla su ne ke cika sinima a kwana ukun farko. Daga nan sai abin ya koma hannun waɗanda suka gani, abin da suka faɗa wa abokai da 'yan'uwa shi ke yanke ko za a ci gaba da zuwa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, miyar kuwa ita ce talla, kuma ranar Lahadin farko take ƙarewa.

Ma'auni na farko yana fitowa tun daren Juma'a a can, mu kuma mu gan shi ranar Asabar. Wani kamfani da ke Las Vegas mai suna CinemaScore yana tare mutanen da suka fito daga kallo a daren buɗewa ya nemi su ba fim maki, daga A+ zuwa F. Sai an yi hattara wajen karanta makin, domin waɗanda ake tambaya masoya ne da suka biya kuɗinsu da ɗoki, ba su cika rowar maki ba. Ga fim ɗin jarumai, A+ da A alama ce ta doguwar tafiya, B+ gargaɗi ne, B kuwa mummunan labari ne, duk da cewa a takardar jarrabawar makaranta B abin alfahari ne. Fina-finan ban tsoro kaɗai ne suka saba samun maki ƙasa-ƙasa ba tare da ya cutar da su ba.

Ma'auni na biyu shi ne yawan faɗuwa. Ka ɗauki cinikin Juma'a zuwa Lahadi na mako na biyu, ka cire shi daga na makon farko, ka raba abin da ya rage da na makon farko. Faɗuwar kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari abu ne da aka saba ga babban fim na silsila. Ƙasa da 45 na nuna bakin mutane na yi wa fim aiki. Daga 65 zuwa sama kuwa, a mafi yawan lokuta, an gama.

Misalai uku sun isa su nuna tazarar. Batman v Superman ya buɗe da dala miliyan 166 a Maris ɗin 2016, ya sami B, ya faɗi da kashi 69, ya ƙare a miliyan 330 a cikin gida, wato rabin duk cinikinsa a kwana ukun farko ya yi shi. Top Gun: Maverick ya buɗe da ƙasa da haka a Mayun 2022, miliyan 127, amma ya sami A+, ya faɗi da kashi 29 kawai, ya kai miliyan 718. Ci gaban Joker da ya fito a Oktoban 2024 ya sami D, ya faɗi da kashi 81, bai ko ninka buɗewarsa sau biyu ba.

Wannan ninkin, wato jimillar cikin gida a raba da buɗewa, shi ne za ka zaɓa don kammala hasashenka. Fim ɗin jarumai da aka karɓa da kyau yakan tsaya tsakanin 2.4 da 3.5: Endgame 2.4, Deadpool & Wolverine 3, Black Panther 3.5. Wanda bai karɓu ba yakan tsaya a 2 ko ƙasa. Fim ɗin iyali mai kyau yakan kai 4, kamar Inside Out 2. Fim ɗin tsakiyar Disamba kuwa yana da nasa hukuncin, kuma a kansa ne na taɓa jin kunya.

A Disamban 2022 ne, sanyi ya sauka sosai, muna zaune a benci wajen mai shayinmu kowa ya dunƙule hannu a kan kofi. Ƙanena ya miƙo mini wayarsa, allon ya tsage ta kusurwa, ya nuna mini cewa kashi na biyu na Avatar ya buɗe da dala miliyan 134. Na ninka da biyu da rabi a kai, na ce masa wannan fim ba zai wuce miliyan 350 a cikin gida ba, shekara goma sha uku an yi ana jira ga abin da aka samu. Ya ce, “Yaya, ka dai duba na farkon kafin ka yanke.” Ban duba ba. Na farkon da miliyan 77 ya buɗe a Disamban 2009, ya kuma kai wajen 750, kusan ninki goma. Na biyun ya faɗi da kusan rabi a mako na biyu, sannan a mako na uku cinikinsa ya ƙaru maimakon ya ragu, ya riƙe matsayi na ɗaya mako bakwai a jere, ya ƙare a miliyan 684 a gida da biliyan 2.3 a duniya. Har watan Fabrairu ƙanena bai ce mini komai ba, hoton sabuwar lamba kawai yake turo mini duk daren Lahadi.

Kuskurena biyu ne: na yi amfani da ninkin fim ɗin Mayu a kan fim ɗin Disamba, na kuma yi watsi da tarihin silsilar. A Disamba mutane ba su gaggawa, saboda hutu na gabansu. Aquaman ya buɗe da miliyan 68 a 2018 ya kai 335, Jumanji na 2017 ya buɗe da 36 ya wuce 400. Ko faɗuwar mako na biyu ma takan yaudari mutum a wannan wata idan jajiberin Kirsimeti ya faɗo a cikin ƙarshen mako. Spider-Man: No Way Home ya faɗi da kashi 67 a 2021, amma ya wuce miliyan 800 a cikin gida. A Disamba cinikin ranakun Litinin zuwa Alhamis ake dubawa.

Mataki na bakwai: fita waje

Bayan ka sami jimillar cikin gida, sai ka duba wane kaso ta saba zama a cikin cinikin duniya na wannan silsila. Kowace silsila da halinta. Star Wars na 'yan gida ne, kusan kashi 45 na cinikin The Force Awakens daga can ya fito. Black Panther ma fiye da rabin biliyan 1.3 ɗinsa a cikin gida ya same shi. Avatar kuwa wajen kashi 30 ne, Fast & Furious ya fi kowa dogaro da waje: kashi na takwas ya yi miliyan 226 a gida daga cikin biliyan 1.24, ƙasar Sin ita kaɗai ta ba shi kusan miliyan 390. Ka raba hasashenka na cikin gida da wannan kaso, sai ka sami na duniya.

Sin ce ke bukatar a yi mata layi na daban. Hukuma ce ke ba da izinin shigar fim, kuma tun daga tsakiyar 2019 har farkon 2023 babu sabon fim ɗin Marvel Studios, kamfanin da ke yin Avengers, da aka nuna a can. No Way Home ya kai biliyan 1.9 ba tare da ita ba. Ko bayan an buɗe ƙofa, 'yan kallon ƙasar sun fi karkata ga fina-finansu na gida fiye da shekara goma da suka wuce, don haka lambar Sin ta 2017 ba abin dogaro ba ce a yau. Kasuwar Najeriya kuma, duk da muna son ganin sunanta, ba ta motsa wannan lissafi: a canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, naira biliyan ɗaya ba ta kai dala dubu 700 ba.

Mataki na takwas: rubuta hasashen, da ƙasa da sama

Kada ka ba da lamba ɗaya tilo. Ka rubuta mafi ƙaranci da mafi yawa, da kwanan wata, da dalilinka a layi ɗaya. Ga misali na ƙirƙira domin a ga yadda matakan ke haɗuwa. A ce kashi na huɗu ne na wata silsilar jarumai, kasafinsa dala miliyan 200, zai fito a Mayu, kashi biyun da suka gabata sun yi miliyan 900 da 750 a duniya, kuma cikin gida ya saba zama kashi 40. Tun kafin ya fito za ka rubuta 600 zuwa 750, saboda alƙiblar gangara ce.

Ranar Juma'a aka ce ya yi miliyan 18 a daren Alhamis. Ka ninka da 5.5 da kuma 6.5, ka sami 99 zuwa 117. Litinin ta tabbatar da 108, makin 'yan kallo kuma B+. Da irin wannan maki ninkin 2.3 zuwa 2.6 ya dace, wanda ya ba ka wajen 250 zuwa 280 a cikin gida. Ka raba da 0.4, ka sami 625 zuwa 700 a duniya. Mako na biyu ya zo da miliyan 41, faɗuwar kashi 62 ke nan, sai ka karkata zuwa ƙasan hasashenka, wajen 630 zuwa 660. Tunda abin da yake bukata 500 ne, fim ɗin zai fitar da kansa, amma ya gaza wanda ya gabace shi, kuma B+ ɗin nan ka ajiye ta a gefen shafi domin ranar da za ka lissafa kashi na biyar.

Kada ka goge hasashen farko idan ka gyara shi, ka ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, ka rubuta sabon a ƙasa. Galibin manyan fina-finai sukan gama tara mafi yawan kuɗinsu cikin mako shida zuwa takwas, musamman yanzu da wasu ke sauka a manhajojin kallo bayan kwana 45 maimakon kusan 90 da aka saba kafin 2020. A lokacin sai ka koma shafin, ka rubuta tabbatacciyar jimilla da jan biro, ka lissafa da kashi nawa ka kauce, sannan ka nemo a wane mataki kaucewar ta shigo. Bayan fim biyar ko shida za ka ga cewa kuskurenka yana da gefen da ya fi so. Nawa dai, kamar yadda littafina ya nuna, a kan fina-finan Disamba da na yara yake taruwa, kuma kullum ƙasa nake yi musu.